Tambayoyin Masu Karatu: Ƙarfen Sifika ne Ke Sa Hedifon Ya Yi Kyau?

Tambaya: Ina aikin haɗa sauti a wani situdiyo a Kano, kuma ina tara kuɗin sayen hedifon mai inganci. Na ga wasu kamfanoni suna tallar cewa sifikarsu ta beriliyom ce, wasu ta taitaniyom, farashin kuwa ya ninka na sauran. Shin ƙarfen ne ke kawo kyawun sauti?

Amsa: Malam, ƙarfen yana da tasiri, amma bai kai yadda masu talla suke kambama shi ba. A kowane ɓangaren kunne akwai ƙaramar sifika mai maganaɗisu da naɗin siririyar waya da kuma tantani, wanda shi ne ke kaɗa iska har sauti ya fito. Mai ƙera hedifon yana neman tantanin da ba shi da nauyi domin ya motsa da sauri, mai tauri domin kada ya lanƙwashe idan sauti ya yi sama, sannan wanda zai yi tsit da zarar sautin ya wuce. Amon da tantanin kalangu ke ci gaba da yi bayan an buga shi abin so ne ga makaɗi, amma a hedifon aibi ne, domin ƙari ne a kan abin da aka naɗa. Wahalar aikin ita ce, ƙarfe mai tauri yakan daɗe yana amo, roba kuwa takan yi shiru da wuri amma ta lanƙwashe.

Beriliyom ya yi fice ne saboda nauyinsa giram 1.85 ne a kowace santimita kubik, alhali alminiyom 2.7 ne, taitaniyom 4.5, kuma duk da haka ya fi su tauri. Da zallarsa kamfanin Focal na Faransa ya yi tantanin hedifonsa mai suna Utopia a 2016. Tsadarsa tana da dalili, domin ƙurar da ke tashi wajen sarrafa shi tana lalata huhu, sai an yi aikin da tsananin kariya. Ka lura sosai da wannan: yawancin masu arahar da ke ambaton beriliyom shafa shi kawai aka yi a kan roba.

Wasu kamfanoni sun bi wata hanyar. A 1989 Sony ya fitar da MDR-R10 da tantanin zaren da ƙwayoyin bakteriya ke samarwa. Sennheiser na Jamus kuwa ya fitar da HD 600 a 1997 da tantanin roba, kuma har yau masu haɗa sauti da dama suna dogara da shi, saboda an daidaita siririn sauti da mai kauri ba tare da wani ya danne wani ba. A ganina wannan daidaitawar, tare da siffar ƙoƙon kunne da soson da ke zagaye shi, ta fi sunan ƙarfe muhimmanci nesa ba kusa ba. Soso kaɗai idan ya tsufa ya lotse yakan sauya sautin gaba ɗaya.

Don aikin haɗa sauti ka nemi hedifon mai buɗaɗɗen baya, wato wanda bayan ƙoƙon kunnensa ke da ƙofofin iska, ka bar wa mawaƙin da ke gaban makirfo mai rufaffen baya domin kada kiɗa ya zurara cikin muryarsa. Idan HD 600 ka zaɓa, ka sani mai om 300 ne, wato yana tsananin turje wa lantarkin da ke shiga cikinsa, saboda haka sai ka tanadi amfilifaya, wayar hannu ba za ta ba shi isasshen ƙarfi ba.