Na kasa kunna kaset ɗin da Kawuna ya bar min

Assalamu alaikum Anti,

Wata takwas ke nan da rasuwar Kawuna, ƙanen mahaifiyata, amma har yau in na wuce ta gaban gareji na shaƙi warin baƙin mai sai ƙirjina ya yi nauyi. Makaniki ne. Ranar da abin ya faru yana duƙe a kan injin wata mota, ya miƙe ya ce kansa na juyawa, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Mutum ne wanda in direba ya zo aljihu babu komai, sai ya gyara masa mota ya ce, "Je ka, in ka samu ka kawo." Bai taɓa ɗaga wa yaran aikinsa hannu ba. In yaro ya ɗaure noti a karkace, sifana kawai zai miƙa masa ya ce ya sake. Kuma bai iya aiki shiru ba. Akwai wata tsohuwar rakoda a kan bencinsa, murfinta ya karye, da roba yake ɗaure shi, tana ta waƙa tun safe har ya wanke hannu. Yakan ɗora bakin sukudireba a jikin injin, ya kara ƙotar a kunne, ya lumshe ido, sannan ya ce min, "Uwata, zo ki ji, wannan ba ta bin kiɗa."

Shekara guda kafin rasuwarsa ya ba ni kwali cike da kaset-kaset, ya ce in mayar masa da waƙoƙin cikin waya tunda ni ce na iya kwamfuta. Na ce to. Yau, gobe, jibi, har aka ci watanni. Sau biyu ya tambaye ni, bai ƙara ba. A cikinsu akwai guda ɗaya da ya rubuta sunana a jiki da biro, muryarmu ce ni da shi ina ƙarama, yana rerawa ina amsawa.

Anti, na kasa kunna shi. Ina tsoron rakoda ta cinye zaren, ina kuma tsoron abin da zan ji. A gida an daina ambaton sunansa saboda mahaifiyata kuka take yi, in na ɗauko zancensa sai a ce in yi haƙuri, kada in fama mata miki. Makon jiya na kwanta ina ƙoƙarin tuna yadda dariyarsa take, ta ƙi zuwa min. Shin na ci amanarsa ne? Kuma yaya zan riƙe shi a raina ba tare da na tayar wa kowa da hankali ba?

Daga 'yar yayarsa

Amsa

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya jiƙan Kawunki, ya sa alherin da ya yi wa mutane ya bi shi.

Ba ki ci amanarsa ba. Jinkiri kika yi, irin wanda kowa ke yi wa mutumin da ya saki jiki da shi, don yana ganin gobe ma yana nan. Ki koma ki karanta abin da kika rubuta da hannunki. Mutumin da zai sallami direba ya ce in ka samu ka kawo, shi ne zai riƙe ki a zuci a kan kaset? Ni abin da na gani a labarin nan shi ne, duk cikin dangi ke ya zaɓa ya damƙa wa kwalin, har da wanda ya rubuta sunanki a kai. Aikin yana nan yana jiranki, ki ɗauki sifanar ki sake, kamar yadda yake ce wa yaransa.

Amma tsoronki a kan zaren gaskiya ne, don haka kada ki sa wannan kaset a tsohuwar rakodarsa. Tun 1963 kamfanin Philips ya fito da irin wannan kaset, kuma sautin yana zaune ne a kan siririn zare mai maganaɗisu. Robar da ke juya injin rakoda takan saki ko ta narke in ta tsufa, tayar da ke jan zaren takan yi danƙo, daga nan ne zare ke naɗewa ya yamutse. Tun yau ki duba saman kaset ɗin, za ki ga wasu 'yan kunnuwa biyu na roba, ɗaya a kowace kusurwa. Ki ɓalle su, don in babu su rakoda ba za ta yarda a ɗauki wani abu a kansa bisa kuskure ba. Ki nisanta kwalin da zafin rana da danshi da sifika, saboda akwai maganaɗisu a cikinta. Ki sa biro a ramin kaset ki juya a hankali, ki ga ko zaren na tafiya ba tare da sarƙewa ba. Sai ki nemi rakoda mai lafiya, ki fara gwada ta da kaset ɗin da ba ki damu da shi ba. Wayar sauti daga ramin abin sa wa a kunne zuwa kwamfuta ta isa, kuma akwai manhajar ɗaukar sauti a kwamfuta mai suna Audacity, kyauta ce. Karon farko da za ki kunna shi, ya zama kina ɗauka, kada ki ce bari in fara saurara tukuna. In an rubuta C90 a jiki, minti 45 ne kowane gefe, kuma babu hanyar gaggawa, sai kin zauna ya ƙare. Ki adana abin da kika ɗauka a wuri biyu ko uku.

Ranar nan kada ki zauna ke kaɗai. Ki kira ɗaya daga cikin yaran da suka koyi aiki a hannunsa, ko wata ƙawa da ba za ta ce miki ki share hawaye ba. Za ki yi kuka, ki bar shi ya zo.

Batun dariyarsa kuwa, kada ya hana ki barci. Murya ba ta zuwa in an matsa mata lamba, amma da zarar kunne ya ji ta yakan gane ta nan take.

Sai mahaifiyarki. Ke kawu kika rasa, ita ƙanenta ta rasa, wanda wataƙila ta goya a bayanta. Wasu masu bincike biyu a ƙasar Holan, Margaret Stroebe da Henk Schut, sun bayyana a 1999 cewa mai jimami yakan riƙa kai da komo ne, wani lokaci ya fuskanci rashin, wani lokaci ya kau da kai ya kama hidimar rayuwa, kuma duka biyun ana buƙatarsu. Ke yanzu kina son ki tuna, ita tana neman numfashi. Babu mai laifi a cikinku. Sai dai ban yarda cewa ambaton mamaci rashin haƙuri ba ne. Ki same ta ita kaɗai lokacin da hankalinta ke kwance, ki ce, "Mama, akwai muryar Kawu a wurina. Duk ranar da kike so ki ji, ki faɗa min." Daga nan ki yi shiru, kada ki sake tuna mata.

Ki kuma lura da kanku ku biyun. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jimamin da ya zarce wata 6 yana hana mutum gudanar da rayuwarsa cikin jerin larurorin da ake duba su. Wata takwas ana kewa ba ciwo ba ne, amma in ɗayanku ta daina barci ko cin abinci ko fita aiki, a ga likita.

Sauran kaset-kaset ɗin, ki sanar da iyalinsa cewa suna hannunki, in kin gama ki ba kowa kwafi. Sannan ki sayi littafin rubutu, ki je garejin, ki tambayi yaransa da tsofaffin direbobin da ke kawo masa mota, kowa ya ba ki labari guda ɗaya. Shafin farko naki ne, ki fara da ranar da ya kara miki ƙotar sukudireba a kunne. In kin kunna kaset ɗin, ki rubuto min in ji wace irin murya kike da ita kina ƙarama.