Surukata ta ce ni ke sace mata kuɗi

Assalamu alaikum Anti,

Shekarata 11 da aure a Zariya, 'ya'yanmu huɗu. Bayan rasuwar Baba, maigidana ya ɗauko mahaifiyarsa daga ƙauye ta dawo wurinmu, yau shekara uku ke nan. Da farko zamanmu lafiya lau, har takan shigar mini idan muka saɓa da ɗanta. Tun bara ne abubuwa suka sauya. Sai Hajiya ta ci tuwo ta wanke hannu, jim kaɗan ta ce tun safe ba a ba ta komai ba. Takan ɓoye kuɗinta ta manta, sai ta fito tsakar gida tana cewa ni na ɗauke. Naira dubu biyar da aka kwana biyu ana rigima a kansu, a cikin buhun gero ɗana ya tsinto su. Da la'asar sakaliya kuma sai ta ƙulle kayanta a ɗankwali ta ce za ta gida, innarta na jiranta, alhali innar ta rasu tun kafin a haife ni. Sau biyu tana ficewa, mai shayin bakin layi ne ya dawo da ita.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ƙannen mijina mata biyu. Sukan zo ran Juma'a su yi awa guda, su ji ƙorafinta su hau kai su zauna. Ɗaya har ta ce asiri na yi wa uwarsu. Ni ke mata wanka, ni ke wanke zannuwan da ta ɓata da dare. Maigida kuwa ban da "ki yi haƙuri" ba ya cewa komai. Shekaranjiya na daka mata tsawa, ta fashe da kuka kamar ƙaramar yarinya, na kasa barci. Anti, na gaji. In tafi gidanmu ne?

'Yarki daga Zariya

Wa alaikumus salam 'yata,

Kada ki haɗa kaya tukuna. Abin da kika zayyana ya yi kama da cutar da muke rufewa da sunan ruɗin tsufa, mu ɗauka kowane tsoho haka yake. Ba haka ba ne: tsofaffi nawa kika sani da suka haura 90 da hankalinsu garau? Wannan ciwo ne da ke cin ƙwaƙwalwa sannu a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum sama da miliyan 55 ke fama da shi, kuma kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari nau'in da ake kira Alzheimer ne. Wani kuma hawan jini ko ciwon suga ne ke lalata ƙananan jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwarsa. Sabon abu ke fara gogewa, tsohon ya zauna daram, shi ya sa ta manta tuwon ɗazu amma tana tuna innarta. Idan ta nemi kuɗin ta rasa, zuciyarta ba ta ba ta cewa mantuwa ta yi, sai ta laƙa wa wanda ya fi kusa da ita. Ke ce kusa.

Likita ne zai tabbatar, ba ni ba. Ku kai ta Asibitin Koyarwa na Shika, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, ku tafi da duk magungunan da take sha, har na gargajiya. Za a duba jini da suga da fitsari, domin akwai abubuwan da ke ƙara ruɗewa waɗanda ake maganinsu. Ciwon kansa ba a warkar da shi, sai dai a sassauta. Ina roƙonki kada ki sayo mata ƙwayar barci a kemis, tana iya ƙara rikita ta ko ta sa ta faɗi ta karye. Idan kuma kika ga ta birkice farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, kada ku jira, asibiti a ranar.

A gida, daina yi mata musu, ba za ki ci riba ba. In ta ce an sace, ce mata "Hajiya, zo mu nema tare," ki kuma gane wuraren ɓuyanta. In ta ce ba ta ci ba, miƙa mata ɗan kunu. In ta ƙulle kaya da yamma, kada ki ce innarta ta mutu, don sabon makoki za ki buɗe mata kullum. Tambaye ta labarin innar, ki ba ta tsintar wake ko ɓarar gyaɗa, ki kunna fitila tun kafin duhu. Ki ɗinka lambar wayar maigida a jikin mayafinta, a kuma sanar da maƙwabta, har da mai shayin nan, Allah ya saka masa.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Hidimar Hajiya a wuyan 'ya'yanta take, abin da kike yi alheri ne. "Ki yi haƙuri" ba ya wanke zane. Ki zaunar da maigida cikin natsuwa, ki ce ranar asibiti shi da ƙannensa za su shiga wurin likita su ji da kunnensu. Maganar asiri daga bakinki ba za ta mutu ba, daga bakin likita ko wani malami da suke jin nauyinsa za ta mutu. Wanda ke shakka ya duba aya ta 70 a Suratun Nahli, inda aka ambaci wanda ake mayarwa ga mafi raunin rayuwa har ya kasa sanin abin da ya sani a da. Addu'a a ci gaba da yi, ba ta hana zuwa asibiti.

Sannan a raba aiki da suna da rana: wa zai sayi magani da kunzugun manya, wace ce za ta kwana da ita Asabar, wace ce Lahadi. Na tabbata wadda ta kwana biyu a ɗakin nan ba za ta sake kiranki ɓarauniya ba. In da hali, a ɗauko mai taya ki aiki, su biya.

Tsawar da kika yi kuwa, ki nemi gafarar Allah, ki riƙe hannunta ki ba ta haƙuri, ki bar abin a nan. Gajiya ce ta yi magana. Gidanku ki je, amma da yardar maigida, hutun mako guda bayan an tsara wadda za ta karɓe ki. Ki sake rubuto mini abin da likita ya ce.

Antinki