Amsar tambayarka kan sammakon zuwa fili

Ɗana, saƙonka ya iso. Na yi murmushi da na karanta, daga baya kuma na yi shiru. Wai me ya sa mu tsofaffin masu hoto muke isa filin wasa awa uku kafin a busa usur, mu zauna da kyamara a cinya, alhali taka tana ɗaukar hoto 20 a daƙiƙa ɗaya, tana bin idon ɗan wasa da kanta? Har ka ce ko al'ada ce kawai da zamani ya wuce ta.

Sa'ad da nake kamarka, fim ɗaya hoto 36 ne, in ya ƙare sai ka naɗe shi, ka buɗe bayan kyamara ka sa wani, wasa kuwa ba ya jiranka. Saita gani da hannu ake yi. Maigidana da ya koya min hoto, Allah ya jiƙansa, yakan ce da sanyin safiya ake kama fara.

Akwai wani wasa da ba na mantawa. Da yamma ne, an yi ruwa, fitilun filin ba ƙarfi. Fim uku ya ba ni, Kodak Tri-X mai lamba 400, wato lambar saurin kama haske, ya ce saboda ƙarancin haske mu ɗauka kamar mai lamba 1600 ne, in mun je wanki ma ƙara masa lokaci a magani. Tun fili ba kowa ya zagaya da ni. Da 'yan wasa suka fito motsa jiki ya ce in bar kyamara in yi kallo: wa ke bugu da hagu, wa ya fi tsalle, ina gola ke tsayawa. Ya nuna min wani wuri kusa da turken raga na nesa, ya ce in an samu kwana can zan saita gilashin kyamara mai jawo nesa, mai milimita 300, kar in bi ƙwallo.

Kafin hutun rabin lokaci na cinye fim biyu. Bai ce komai ba, ya karɓi na ukun ya sa a aljihu, sai da wasa ya kusa ƙarewa ya miƙo min. Aka samu kwana. Na saita inda ya ce, saurin ɗauka ɗaya bisa 500 na daƙiƙa, na ga wani dogon ɗan wasa ya lanƙwasa gwiwa, na danna. Madubin cikin kyamara ya ɗaga, idona ya ga duhu, sai ihun mutane na ji. Na ce masa Maigida, ya wuce ni, ban ga cin ba. Ya ce, "Wanda ka gani da ido shi ne ya wuce ka. Wanda ba ka gani ba yana cikin fim." A daren, ƙarƙashin jar fitila, takarda na cikin magani hoton ya fara fitowa: ƙwallo a goshinsa, ɗigon ruwa na tarwatsewa, hannun gola bai kai ba. Hannuna har rawa yake.

Haka yake yi in mun yi tafiya. Ranar farko kyamara tana jaka. A gaisa da mutane, a lura da inda hasken safe ke sauka, a nemi izini kafin a ɗauki fuskar kowa. Yakan ce baƙo ko da ido makaho ne.

Abin da ke damuna da ku shi ne, kuna dannawa sai ku sunkuya kallon allon baya, wasa na ci gaba a gabanku. Ku shiga garin mutane ku ɗora musu kyamara ko sallama babu. Kyamararka ta fi tawa nesa ba kusa ba, na yarda, da na same ta a lokacina da na yi murna. Amma gaya min, filin da za ka je ranar Asabar, ta wane gefe rana take faɗuwa, kuma a bayan wace raga za ka zauna?