Ga 'yar'uwar da ta tambaya ko zunubi ne ta roƙi Allah ya hukunta wanda ya cuce ta

'Yar'uwa, sai da na karanta tambayarki sau uku kafin na iya amsawa, domin kamar daga bakina kika ɗauko ta. Kin ce wanda ya cinye dukiyar da kuka haɗa yana ta bunƙasa, ke kuwa addu'a ta gagare ki, kina kuma tsoron ko zunubi ne ki roƙi Allah ya hukunta shi. Na zauna a wannan wuri, kuma ba zan ce miki na gama fita daga cikinsa ba.

Shekara 11 na yi a wurin aikina kafin wasu kuɗi su ɓace, aka kafa kwamitin bincike. Wanda ya ba da shaida a kaina ɗan'uwa ne da muke sujada a majami'a ɗaya, kuma ni da hannuna na koya masa aikin. Har yau ina ganinsa a zaune a ƙarshen teburin, yana buɗe murfin birona da na taɓa ara masa yana rufewa, yana faɗa da murya mai sanyi cewa ni kaɗai ke riƙe makullin, alhali ya san akwai na biyu a aljihunsa. Bai ɗaga ido ya dube ni ba ko sau ɗaya. Aka sallame ni ranar Alhamis, ranar Lahadi kuma shi ne ya zagayo da tasar baiko, ya tsaya a kan layinmu, ya miƙo mini ita da murmushi. Hannuna ya yi ta rawa har takardar kuɗin ta faɗi ƙasa, shi kuma ya sunkuya ya ɗauko mini. Wannan sunkuyawar ta fi korar ciwo. Bayan wata 5 aka ba shi kujerata.

Abin da ya fara kwance mini ƙirji shi ne Zabura 73. Asaf, wanda ke shugabantar waƙa a gaban Ubangiji, ya furta cewa saura ƙiris ƙafarsa ta zame don ya ga mugaye cikin wadata, har ya ce a banza ya tsarkake zuciyarsa. Irmiya ya yi wannan tambaya a sura 12, Ayuba ya yi ta a sura 21, Habakuk kuwa, kusan shekara 600 kafin haihuwar Almasihu, da ita ya buɗe littafinsa. Amsar da aka ba shi ma ta fi tambayar nauyi, domin Allah ya ce zai ta da Kaldiyawa, waɗanda suka fi mutanen Yahuza mugunta, su zama bulalarsa. Duk waɗannan koke-koke Allah ya bar su a cikin Maganarsa, bai goge ko ɗaya ba. A Wahayin Yahaya 6:10 ma, waɗanda aka kashe saboda shaidarsu suna ƙarƙashin bagade suna tambayar sai yaushe za a yi musu shari'a, kuma ba a tsauta musu ba, fararen riguna aka ba su aka ce su ɗan ƙara jira. Saboda haka ni ban ga zunubi a kai ƙara gaban Alƙali ba. Romawa 12:19 ta hana mu ramuwa ne domin ramuwar tana da mai ita, ba domin laifin ba laifi ba ne.

Inda na faɗi daban ne, kuma shi nake so ki yi hattara da shi. Na kai ƙarar gaban Allah, amma na ƙi barin kotun. Kullum da dare ina buɗe shafinsa na sada zumunta ina neman labarin rashin lafiya ko asara, in na tarar da hoton farin ciki sai barci ya ƙaurace mini. Ya cuce ni sau ɗaya a gaban kwamiti, ni kuma na ba shi darare fiye da ɗari kyauta. Asaf ya ce ya zama kamar dabba a gaban Allah sa'ad da zuciyarsa ta yi ɗaci, kuma na gane kaina a wannan aya fiye da yadda nake so.

Ki kuma yi nesa da masu cewa ki binciki kanki, wai lalle akwai ɓoyayyen zunubi. Wata dattijuwa ta faɗa mini haka a makon da aka kore ni, na yi kwana biyu ina tonon laifofin ƙuruciyata. Abokan Ayuba sun yi daidai a kwana bakwai ɗin da suka yi shiru, da suka buɗe baki ne suka ɓata, har Ubangiji ya ce wa Elifaz, ɗaya daga cikinsu, a sura 42 cewa ba su faɗi gaskiya game da shi ba. Yesu da kansa ya ce mutum 18 ɗin da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa ba su fi sauran mazaunan Urushalima laifi ba.

Idan kina da takardun yarjejeniyarku, ki adana su, ki nemi haƙƙinki ta hanyar doka ba tare da jin kunya ba. Bulus ya ƙi a sallame shi a ɓoye daga kurkukun Filibi bayan an yi masa dūka ba bisa shari'a ba, daga baya kuma ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. Ni na yi shiru ina zaton tawali'u ne, ashe tsoro ne, kuma ina da-na-sani.

Jinkirin ne har yanzu yake mini wuya. Na sha komawa ga labarin Nabot a 1 Sarakuna 21, wanda shi ma shaidun ƙarya ne suka hallaka shi domin Sarki Ahab ya mallaki gonar inabinsa. Allah ya ga abin, ya aiki Iliya har cikin gonar inabin, amma da Ahab ya ƙasƙantar da kansa sai aka ɗaga masifar gidansa zuwa zamanin ɗansa. Na yi fushi da wannan aya ƙwarai, sai daga baya na tuna cewa wannan haƙurin ne ni ma nake rayuwa a kansa. Yusufu ya yi shekara 13 tsakanin rami da fadar Fir'auna, Nabot kuwa bai ga nasa adalcin da idonsa ba, kuma ba ni da ikon yi miki alkawarin wanne ne zai zama naki.

Mutumin nan yana nan a kujerata, ni kuma na sami wani aiki bayan wata 14. Ina masa addu'a yanzu, gajeriya ce, wani lokaci da haƙora a cije, kuma ba zan sake ba shi amanar makulli ba. Idan addu'a ta gagare ki a daren nan, ki karanta Zabura 13 da ƙarfi, ayoyi shida ne kawai, sa'an nan ki rubuto mini a gefe ki gaya mini a kan wace aya muryarki ta tsaya.