Agogona yana nuna bugun zuciyata ya faɗi ana tsakiyar gudu: agogon ne ko zuciyar?

Tambaya daga wani mai karatu a Jos: Assalamu alaikum. Ina atisayen gudun yada ƙanin wani, nakan yi kilomita 15 zuwa 20 bayan sallar asuba. Bugun zuciyata a agogon hannu mai auna bugu yakan tsaya wajen 160 a minti, sai kwatsam ya faɗo 80 ko 95, ya yi minti biyu haka, sannan ya koma yadda yake. Ni kuwa ban rage gudu ba, ban kuma ji komai a jikina ba. Agogon ne ya lalace ko in tafi asibiti?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Fara da duba zanen bugun a manhajar agogon bayan ka dawo gida, don siffar faɗuwar ita ce babbar shaida. Lafiyayyar zuciya ba ta cika sauka kamar an kashe makunnin wuta ba. Ko tsayawa cak ka yi, a hankali take saukowa, kuma a minti na farko ba ta cika rage fiye da bugu 30 ko 40 ba ko ga wanda ya saba da gudu. To idan layin ya gangaro tsaye kamar bakin rijiya, daga 160 zuwa 80 cikin daƙiƙa biyu ko uku, alhali ƙafafunka suna kan aiki, mafi yawan lokuta agogon ne ya ɓatar da lissafi.

Juya bayan agogon, za ka ga koriyar fitila tana walƙiya. Agogon ba ya jin bugun zuciya kai tsaye. Haske yake harbawa cikin fata, jini ya shanye wani ɓangare, sauran ya dawo ga wani ɗan ido da ke gefen fitilar. Duk bugu ɗaya jini yana ƙaruwa a ƙananan jijiyoyin fata, hasken da ke dawowa ya ragu kaɗan, agogon ya ƙirga. Wannan canjin ɗan mitsitsi ne ƙwarai, don haka abu kaɗan ke rikita shi.

A wurinka abin da na fi zargi shi ne sanyi. Da asuba a Jos, musamman lokacin hunturu, jiki yana tsuke jijiyoyin fatar hannu don ya riƙe ɗumi a ciki, jinin da agogon ke leƙawa sai ya ragu. Lura kuma da lambar da ka ambata: 80 rabin 160 ce daidai. Idan alamar ta yi rauni, agogon yakan kama bugu ɗaya ya tsallake ɗaya, sai ya ba ka rabi. Idan ka ga lambar ta rabu biyu cif, sau da yawa wannan sanannen kuskuren ƙirga ne, amma sai ka tabbatar da gwajin yatsu da ke ƙasa.

Gyaran ba ya cin kuɗi. Ɗaura agogon sama da ƙashin wuyan hannu da faɗin yatsa ɗaya zuwa biyu, inda akwai tsoka, don a kan ƙashin ba ya kwanciya sosai. Ƙara matse maɗaurin da rami ɗaya fiye da yadda kake sa shi a gida, yadda in ka girgiza hannu ba zai zame ba, kuma koren hasken ba zai leƙo ta gefe ba, amma kada ya kai ga shaƙe hannun. Goge bayan agogon da tsumma mai laushi, kuma kada ka shafa basilin ko wani mai a daidai wurin kafin ka fita, duk da na san hunturu yana tilasta shafa. Sa riga mai dogon hannu ko safar hannu, ka yi ɗumama jiki na minti 10 kafin ka fara auna gudun. Ga mata masu karatu: zane mai duhu a fata, irin wanda ake yi da allura, an san yana tare hasken, baƙin lalle mai kauri a wuyan hannu ma zai iya yin haka, sai a mayar da agogon ɗaya hannun.

Sai gwajin da ya fi kowane agogo gaskiya. Da zarar lambar ta faɗi, tsaya, ɗora yatsu biyu a jijiyar wuyan ɗaya hannun, gefen babban yatsa, ƙirga bugu na daƙiƙa 10, ka ninka da 6. Yi shi nan take, don zuciyar tana fara saukowa da ka tsaya. In yatsunka sun ba ka 25 ko 26, wato wajen 150 zuwa 156, agogon kuma yana cewa 80, magana ta ƙare. In kuwa yatsun sun yarda da agogon, to duba amsar da na ba mai tambaya na ƙarshe, na Zariya, a ƙasa.

Tambaya daga wata mai karatu a Kaduna: Ni nawa ba ya faɗuwa ƙasa sosai. Idan na ƙara wuta a ƙarshen gudu yana nuna 182, sai ya sauko 168 ya maƙale a nan, duk da ina haki fiye da da.

Amsa: Malama, buɗe zanen yawan taku a minti, ki ɗora shi kusa da na bugun zuciya. Ina kyautata zaton za ki tarar takunki ma 168 ne a wannan lokacin. Duk taku ɗaya agogon yana ɗan girgiza a hannu, jinin hannun ma yana kaɗawa, kuma wannan girgizar tana zuwa a jere kamar bugu. Masu gudu da yawa suna yin taku 160 zuwa 180 a minti, wanda ya faɗa daidai cikin zangon bugun zuciyar mai gudu, sai agogon ya saki zuciya ya kama ƙafa. Ga wanda bugunsa ke ƙasa da takunsa, lambar sama take tsalle. Ke da bugunki ya haura takun, ƙasa take yi. Alamarsa ita ce layukan biyu su haɗe su tafi tare kamar an manna su.

Matse maɗauri yana ragewa, haka ma agogo marar nauyi, don mai nauyi ya fi rawa a siririn hannu. In ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, akwai irin na'urar hasken da ake ɗaurawa a dantse, kamar Polar Verity Sense. Dantse ya fi tsoka kuma bai kai wuyan hannu kaɗawa ba, shi ya sa karatunsa ya fi tsayawa.

Tambaya daga wani mai karatu a Kano: Na sayi ɗamarar ƙirji mai auna bugun zuciya don an ce ta fi agogo daidai, amma ita ma tana faɗuwa, wani lokacin har sifili.

Amsa: Gaskiya aka faɗa maka, Malam, ta fi daidai, domin ita wutar lantarkin da zuciya ke fitarwa take ji ta faifan roba biyu da ke manne da fata. Sai dai tana buƙatar danshi kafin wutar ta ratsa. A busasshiyar iskar hunturu, minti 5 zuwa 10 na farko kafin zufa ta keto, karatun yakan yi hauka. Jiƙa faifan biyu da ruwa sosai kafin ka ɗaura, ka sa ta a ƙasan tsokar ƙirji, ta kama jiki yadda ba za ta zame ba in ka ja dogon numfashi. Rigar roba mai santsi ma tana tara irin wutar nan da ke ɗan tsikarin mutum in ya taɓa ƙofar mota da rani, ita ma tana rikita ɗamarar. Yayyafa wa gaban rigar ruwa kaɗan.

Idan faɗuwar a tsakiyar gudu take zuwa, duba abu biyu. Na farko gishirin zufa da ke bushewa a jikin ɗamarar da maɓallan ƙarfen da ke riƙe kan na'urar, wato ɗan akwatin da batir ke ciki. Cire kan bayan kowane gudu, ɗauraye ɗamarar da ruwa, ka shanya a inuwa. Barin kan a manne da jiƙaƙƙiyar ɗamara yana cinye batir yana kuma jawo tsatsa. Na biyu batirin kansa, ɗan faifan nan mai kama da kwabo. Ɗamarar Garmin HRM-Dual tana amfani da CR2032, Polar H10 kuma CR2025, kuma kaurinsu ba ɗaya ba ne, don haka karanta lambar da ke jikin tsohon kafin ka je kasuwa. Batir mai rauni ba ya mutuwa lokaci guda, yankewa yake yi yana dawowa. In ka canza shi kuma ba ta daina ba, mai yiwuwa wayar lantarkin da ke cikin ɗamarar ce ta tsinke saboda tsufa, ana sayar da ɗamarar ita kaɗai ba sai ka sake sayen kan ba.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba: in ɗamarar ta yanke daga agogo, agoguna da yawa sukan koma auna wuyan hannu da kansu ba tare da ka ankara ba, sai ka ga tsalle a zanen. In kuma da waya ka haɗa ta, tsarin tattalin batir na Android yakan kwantar da manhaja da zarar allo ya mutu. Shiga saitin batir na wayar, nemo manhajar gudun, ka cire mata takunkumin aiki a bayan fage. Ajiye wayar ta gaba, don jikin mutum yana tare siginar Bluetooth in tana aljihun baya. A agogon ma kashe yanayin tattalin batir lokacin gudu, saboda yana rage yawan aunawa.

Ga masu ƙananan agogunan nan masu arha da suka cika kasuwa kuma, cire agogon ka kifa shi a kan tsumma ka danna auna. Wasunsu za su ba ka 75 ko 80 a kan tsumman. Irin wannan kada ka gina atisaye a kansa.

Tambaya daga wani mai karatu a Zariya: Nawa a hankali yake sauka. Bayan awa biyu ina gudu, sai in kasa kai shi 150 duk ƙoƙarina, wani lokacin har da ɗan jiri. Ina shan maganin hawan jini.

Amsa: Yallaɓai, wannan ba ta yi kama da matsalar na'ura ba, kuma ina roƙonka kada ka ɗauke ta da wasa. A dogon gudu, musamman cikin zafi, abin da aka saba gani shi ne bugun ya riƙa hawa sannu a hankali saboda zufa da ƙarancin ruwa. Saukarsa a hankali yakan biyo bayan ƙarewar sukarin da tsoka ta adana, wanda ga mutane da yawa yake faruwa bayan minti 90 zuwa awa biyu in ba a ci komai ba. Ƙafafu su yi nauyi, gudu ya ragu, bugun ya bi shi. Duba zanen saurinka, in shi ma ya sauka tare da bugun, to wannan ne, kuma 'yan dabino da ruwa duk bayan minti 40 zuwa 45 suna taimakawa. Tarin gajiya daga atisayen da ba hutu ma yana hana bugun hawa.

Amma abu biyu a tambayarka sun wuce hurumin mai gyaran agogo. Wasu magungunan hawan jini, irin su atenolol, propranolol da bisoprolol, aikinsu ke nan su rage bugun zuciya, su sa masa iyakar da ba zai haura ba. Duba kwalin maganinka, amma kada ka daina sha ko ka rage da kanka, don yanke irin waɗannan farat ɗaya yana da haɗari. Na biyu shi ne jirin. Duk wanda bugunsa ya faɗi yana gudu, yatsunsa suka tabbatar, ko faɗuwar ta zo da jiri, duhun gani, ciwon ƙirji, numfashin da ya wuce na gajiya, ko jin zuciya tana tsallake bugu, ya tsaya nan take, ya dakatar da atisaye har sai likita ya duba shi. In da suma ko ciwon ƙirjin da bai lafa ba, asibiti za a nufa a lokacin.

Likita zai iya yin gwajin ECG, wato zanen wutar lantarkin zuciya, ko ya sa maka ƙaramar na'urar Holter da ke naɗar bugun na awa 24, ko ya gwada ka kana tafiya a kan injin gudu. Tafi masa da kwalin maganin, da hoton zanen bugu da na sauri na gudu biyu ko uku da abin ya faru, ka kuma rubuta a wane minti jirin ya fara da abin da ka ci kafin ka fita.