Joseph Greenberg, zamansa da Maguzawan Kano da dangantakar Hausa da Larabci

Tambaya: Malam, na ji an ce wani Ba'amurke ne ya tabbatar da cewa Hausa 'yar'uwar Larabci ce. Wane ne shi, kuma da wace hujja?

Amsa: Joseph Greenberg ake nufi, haifaffen New York a 1915. Fanninsa na farko nazarin ɗan Adam da al'adunsa ne. Ya yi digirin farko a Jami'ar Columbia, sannan ya koma Jami'ar Northwestern a ƙarƙashin Melville Herskovits, masanin nazarin ɗan Adam, inda ya kammala digirin digirgir a 1940. Binciken wannan digiri ne ya kawo shi ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939, ya zauna da Maguzawa yana nazarin yadda Musulunci ya ratsa addininsu na iskoki, ya kuma koyi Hausa. Bayan yaƙin duniya na biyu, wanda ya yi a sashen warware saƙonnin sirri na sojan Amurka, ya koyar a Columbia, daga 1962 kuma a Jami'ar Stanford. Ya rasu a 2001.

Tun kafin shi wasu masana sun lura da wannan dangantaka. Abin da ya yi a littafinsa The Languages of Africa na 1963 shi ne kasa harsunan nahiyar gida huɗu, ya sa Hausa cikin reshen Cadi na gidan Afro-Asiya, gida ɗaya da Larabci, Ibraniyanci, harsunan Buzaye da tsohon harshen Masar. Ya kuma yi watsi da tsarin da ke haɗa harsuna bisa launin fata ko kiwon shanu, shi ya sa ya mayar da Fulatanci wurin danginsa, harsunan Wolof da Serer na ƙasar Senegal.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne hujjar. Kalmomin littafi, alƙalami da alƙali duk aro ne daga Larabci, ba sa nuna jini ɗaya. Greenberg ya duba abin da ba a cika arowa ba: "ka" da "ki" ga namiji da mace, kamar yadda suke a ƙarshen kalmar Larabci, da "ta" mai nuna mace, da kalmomi irin su mutu da suna. Dangantakar ta kaka ɗaya ce mai nisan gaske, ba wai Hausa daga Larabci ta fito ba.

Dabararsa ta jera ɗimbin harsuna a kwatanta su lokaci guda tana da haɗari, domin kama tana iya zuwa bisa dace kawai. Matsayin Hausa ya karɓu, amma da ya gwada dabarar a kan harsunan 'yan asalin nahiyar Amurka a 1987, yawancin masana fannin ba su yarda ba.