Filin Tambaya da Amsa: Sunce in bisu daji in dauki tseren kwad, inje ko in hakura?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haduwa. Sakonnin wannan makon da yawa waje daya suka karkata, wato daukar bidiyon tseren mashin din nan mai taya hudu da ake kira kwad, dan haka na zabo guda uku. Masu tambaya akan editin kuyi hakuri sai mako mai zuwa in Allah ya kaimu.

TAMBAYA: Salam Yaya, Allah ya kara basira. Ni matashi ne a Tudun Wada, sana'ata daukar bidiyon biki da kamu da walima, ina da kyamara daya da gimbal, wato marikin kyamara mai hana hoto girgiza. To akwai wasu samari masu kwad da suke fita bayan gari suna tsere tsakaninsu, yanzu sunce in an gama girbi zasu hada tafiya ta kwanaki, daga Kaduna su bi ta Pambeguwa da Saminaka har Jos, duk inda suka samu fili suyi tsere, ni kuma in bisu ina dauka su dora a YouTube. Wlh inaso amma ban taba irin wannan aikin ba. Ya rayuwar hanyar take, me zan rike, kuma ya zanyi dasu maganar kudi?

AMSA: Wa'alaikumus salam kanina. Ni dai shawarata kaje, aiki ne da zai bude maka ido, amma ka ajiye tunanin mai daukar biki a gida. A biki amarya jiranka take, in shigowa batayi kyau ba kace dan Allah a koma a sake kuma a sake din. Anan ba mai jiranka. Sai ka shafe awa biyu a tsaye a bakin wata kwanar hanya cikin rana, can ka fara jiyo kara daga nesa, kafin kace kwabo sun wuce, dakika biyar ko shida, kura ta turnuke ka, to abinda ka samu kenan. Sauran yinin duk hanya ce da jira da neman wajen caji da goge kaya, in kai mutum ne mai gajen hakuri tun yanzu ka sani.

Ana idar da sallar asuba zaka fita, kai ne farkon tashi kai ne karshen kwanciya. Su masu tseren suna da lokacin shan shayi, kai kuma a lokacin ya kamata ace kana taka hanyar da kafarka kana duba inda kwana take, inda rami yake, inda rana zata fito. Hasken kirki daga hantsi ne zuwa wajen karfe 10, sai kuma bayan la'asar. Tsakar rana a hunturu hazo yana wanke kala, komai sai ya fito fari fat. Amma da yamma in ka tsaya yadda rana zata kasance a bayan mai tseren, jar kasar nan tamu in tayoyi suka watsa ta sama sai ka ganta kamar garwashi, wannan hoton shi ake fita nema.

Yanzu ga maganar da tafi komai, inda zaka tsaya. Dan Allah ka karanta nan sau biyu. Irin kwad din nan Yamaha Raptor 700 nauyinta ya kai wajen kilo 190 banda mutumin da ke kai. Tayoyinta na baya a karfe daya suke, tare suke juyawa, ba kamar mota ba da tayar waje take iya fin ta ciki gudu a kwana. Shi yasa kake ganin mai tukin yana zamewa daga kan sit yana rataya jikinsa ta cikin kwana, in baiyi haka ba tayar ciki dagawa take mashin din ya kife, kuma ta waje yake kifewa. To kaga duk wanda ya tsaya a bayan kwana ta waje ya ajiye kansa ne daidai inda mashin zai fado. Ka tsaya ta ciki, akan tudu in akwai, ko bayan bishiya ko dutse. Kada ka tsaya inda suke dira bayan tsalle, kada ka tsaya a gangare kasa dasu. Sannan ka samu mutum daya wanda aikinsa kawai ya tsaya a bayanka ya rike rigarka yana kallon hanya, saboda idon da ke kan sikirin baya gane nisa, a kyamara kana ganin mutum can nesa alhali ya iso kanka. In kana son hoton taya dab da kasa, ka dasa karamar kyamara irin GoPro a wajen ka matsa, in ta fashe ana sayen wata. Kuma zasu ce maka hau bayana mu tafi ka dauka, kar ka yarda ko da wasa, mashin din tsere na mutum daya ne, dogon sit din nan dan mai tuki ya rika zamewa gaba da baya akayi shi.

Kura kuwa ita ce abokiyar gabar kayanka. Kada ka cire lens a fili, ka shiga mota a daga gilashi tukun. In zaka goge gilashin kyamara ka fara hure shi da dan famfon robar nan, in ka goga kyalle akan yashi ka karce shi har abada. Ka daura filta, wato gilashin kariya, a gaban lens saboda tsakuwar da tayar baya take harbowa, leda da salatif ma suna aiki sosai a jikin kyamara. Gimbal dinka ka rage fita da ita, kura na shiga kananan injinanta, mazaunin kyamara mai kafa uku da hannunka sun isheka yawancin aikin. Ka dauka da firem 50 ko sama a dakika dan ka samu na ragewa gudu wajen editin. Lissafin memori kuma ga shi, in kana daukar 4K a 100 megabit a dakika, awa daya tana cin kusan gig 45, kati mai gig 128 bazai kaika awa uku ba. Kowane dare, duk gajiyar da kayi, ka juye aikin a ma'ajiyar hard disk guda biyu, ka saka su a jaka daban daban, kafin nan kada ka goge kati ko daya. Ka nemi inbata (inverter) ta mota dan cajin batir akan hanya, ka rubuta lamba a jikin kowane batir. Makirfo ma ka saka masa gashin nan mai tare iska, karar injin rabin bidiyon ce.

Kuma kar ka tsaya a tseren kadai. Bakanike yana kwance a kasa da tocila a baki karfe 11 na dare, mai faci, mai shayin bakin tasha, yaran kauye da suka zagaye mashin suna taba taya, fuskar mai tsere in ya cire hular kwano duk kura sai zagayen ido, wadannan su ke rike mai kallo. Amma ka nemi izini kafin ka dora kyamara akan mutane, musamman mata a bakin rijiya ko hanyar kasuwa.

Sai maganar da bana so ku dauka da wasa, mu a jihar nan mun san me karar mashina da yawa a daji take nufi ga mutumin kauye. Mutanen da aka sha tayarwa cikin dare in suka hango kura da ayarin mashina ba tsere ne zai fara zuwa ransu ba, mata zasu kwashi yara a shiga daji, 'yan sa kai kuma su fito da shiri. Ka tuna a 2021 gwamnatin Kaduna har hana hawa mashin tayi na wata uku, aka katse layukan waya a wasu yankuna, aka hana sayar da fetur a jarka a wasu kananan hukumomi, duk saboda 'yan bindiga. Ku kuma gashi zaku taho da mashina da jarkokin mai da oba oba da kyamara. Dan haka kafin a tada inji ko daya a je a gaida mai gari ko dagaci, a sanar da ofishin 'yan sanda na yankin, a samu dan gari ya shiga gaba. A shingen sojoji ka sauke kyamara kasa, kayi bayani da ladabi. Ba tafiyar dare, magariba ta same ku a masauki. Hanyar da mutanen gari sukace kar a bi to kar a bi, ko waye ya matsa. Gonar da ba'a kwashe ba da burtalin shanu a kiyaye su, mutum ya shekara yana wahala bai kamata a tattake masa dawa saboda bidiyo ba. In samarin nan sukace duk wannan bata lokaci ne, to kanina ka dauki jakarka ka koma gida, da muguwar rawa gara kin tashi.

Kudi kuma a rubuta, ko a WhatsApp ne. Abinda kake caja na yinin biki shi zaka auna dashi kowace rana ta tafiya, har ranar da aka wuni a mota ba'a dauki komai ba, editin kuma kudinsa daban. Ka karbi kafin alkalami akalla rabi. A fayyace wa zai biya mai da abinci da masauki, wa zai biya in dutse ya fasa lens, kuma kana da damar saka wani bangare a shafinka ko babu. A jakarka kar a rasa ruwa da ORS da takunkumi da man kadanya dan kafa da lebe, dabino da kilishi da garin kwaki, da rigar sanyi mai kauri dan sanyin Jos a Disamba ba irin namu bane. Sallah kuma Allah ya saukaka wa matafiyi da kasaru. Ka fadawa Mama gaskiyar inda zaka, ka tafi da albarkarta.

TAMBAYA: Malam barka da aiki, daga Kawo nake. Wai irin wannan tseren ne nake gani anayi a saharar Saudiyya? Kuma naga daga sama ake dauka, nima in na sayi dron, karamin jirgin nan mara matuki, zan iya?

AMSA: Barka kadai dan uwa. Wancan shine tseren Dakar, kuma asalinsa nan kusa damu ne. Wani Bafaranshe Thierry Sabine ya kirkiro shi bayan ya bata a saharar Tenere ta Nijar a 1977, aka tashi na farko daga Paris a karshen Disamban 1978 aka kare a Dakar ta Senegal, shekaru da dama ta Agadez ake ratsawa. A 2008 aka soke saboda barazanar tsaro a Muritaniya, 2009 aka koma Kudancin Amurka, a shekarar ne kuma kwad ta samu rukuninta na kanta, inda 'yan Ajantina da Chile suka rika lashewa, irinsu Marcos Patronelli da Ignacio Casale, kowanne sau uku. Daga 2020 aka koma Saudiyya. Na 2024 da aka tashi daga AlUla aka kare a Yanbu, kusan kilomita 8,000 cikin sati biyu, shine na karshe da kwad ta shiga, Manuel Andujar dan Ajantina ya ci, daga nan aka cire rukunin.

Hotunan saman da kake gani yawanci da helikwafta ake dauka, ma'aikatan kuma sansani ne dasu mai tashi yana bin tseren, a tanti suke kwana, a ranar ake hada bidiyon a watsa. Aikin ba wasa bane, shi kansa Sabine hadarin helikwafta ne yayi ajalinsa a Mali a Janairun 1986 ana cikin tseren. Dron kuma zai maka aiki, amma a Najeriya sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA da ofishin mai ba shugaban kasa shawara kan tsaro. Kaduna gari ne na barikoki, ga sansanin sojan sama a Mando ga makarantar sojoji ta NDA a Afaka ga filin jirgi, kada ka kuskura ka tada shi a kusa da wadannan wuraren. Batir dinsa ma bai cika wuce minti 30 ba, in ana iskar hunturu ko hakan bazai kai ba.

TAMBAYA: Salam. Ni matar aure ce a Rigasa, maigidana irin wannan aikin yake bi, in ya tafi sai in wuni in kwana wayarsa bata shiga, in ya dawo kuma ga tari ga jan ido. Wlh hankalina baya kwanciya, bansan ko in roke shi ya bari ba.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya kwantar miki da hankali, damuwarki a kan hanya take, duk mai iyali a garin nan ya san zafin waya taki shiga. Ni bazan ce ki hana shi neman halalinsa ba, amma kina da hakkin ki san inda yake. Ku zauna cikin lalama kafin tafiya ta gaba, ya rubuta miki garuruwan da zasu kwana da ranakun, ya baki lambar mutum biyu cikin ayarin da ta wani a garin da zasu sauka. Ya rike layi biyu na kamfani daban daban da karamar waya mai rike caji, dan wani wajen wannan layin ke kamawa wancan baya kamawa. Kuyi alkawarin lokaci daya, misali bayan isha'i, ko sakon tes ne ya turo, in ya san gobe zasu shiga inda babu sabis ya fada miki tun yau. Ki tambaye shi ko suna tafiya da akwatin taimakon gaggawa da motar da zata iya daukar mutum zuwa asibiti, lambar 'yan Road Safety kuma 122 ce, ya ajiye ta.

Tarin da jan idon kura ce take jawo su, ki saka masa takunkumi mai kyau da tabarau mai rufe gefe a jaka da hannunki. In tarin ya kai sati biyu bai tafi ba, ko yana jin kirjinsa na kamewa, ki matsa masa yaje asibiti a duba shi, kada ya tsaya a maganin kemis.